Sabuwar kwamfuta da alƙawarin Windows 11: kafin ka bari a goge ta

Ga tambayar kamar yadda ta zo: "Na sayi sabuwar laftof a kwalinta. Da Windows 10 ta zo, amma an rubuta a jikin kwalin cewa za ta samu Windows 11 kyauta. Yau kwana goma ke nan ina kunna ta ban ga komai ba. Wani abokina ya ce in kai masa ya goge ta gaba ɗaya ya saka min sabuwa daga filashinsa. In ba shi, ko akwai hanyar da zan bi da kaina?"

Ɗan'uwa, kada ka ba shi tukuna. Ba ina cewa abokinka bai iya aiki ba ne, wataƙila ya ƙware. Amma gogewa hanya ce ta ƙarshe, wadda ake bi bayan sauran sun toshe, kai kuwa ko ta farkon ba ka taka ba. Na daɗe ina saita wa mutane da ofisoshi sababbin kwamfutoci, kuma abin da ya fi damuna shi ne a kawo min na'ura sabuwa fil, ledar allonta ma ba a ɓare ba, amma ta rikice saboda an yi mata gaggawa a satin farko.

Bari mu fara da abin da aka yi maka alƙawari, don mutane da yawa a nan suke ɓata. Babu faifan da zai zo maka, babu lambar da za a turo maka ta imel. A da kam ana yin haka. Lokacin da Windows 7 ta fito ranar 22 ga Oktoba 2009, wanda ya sayi kwamfuta mai Vista, wato Windows ɗin da ta gabace ta, daga ƙarshen Yuni na wannan shekarar sai ya cika fom, ya nuna shaidar saye, sannan ya zauna jiran faifai ta gidan waya. Wancan zamani ya wuce. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suke dasa lambar lasisi a cikin BIOS, wato 'yar manhajar nan da ke zaune a jikin babban allon na'urar, wadda take farkawa kafin Windows ta farka. Shi ya sa idan ka kifa laftof ɗinka ba za ka ga takardar nan mai haruffa 25 a manne ba. Lasisin yana ciki. Abin da rubutun kwalin yake nufi kawai shi ne wannan lasisin zai ci gaba da aiki a kan Windows 11 ba tare da an sake karɓar ko sisi a hannunka ba.

To abu na farko da za ka duba shi ne lasisin. Ka jona intanet, ka shiga Settings, sai Update & Security, sai Activation. Ka tabbatar ta ce an kunna Windows, kuma ka lura da nau'in da aka rubuta: Home ne ko Pro. Ka riƙe wannan da kyau. Home tana komawa Home ne, Pro tana komawa Pro. A nan ne filashin aboki yakan jawo matsala ta farko. Sau da yawa mai filashi Pro yake sakawa don ya saba jin ta fi, alhali lasisin da ke jikin na'urar na Home ne. Sai Windows ta ƙi karɓa, rubutu ya fito a kusurwar allo yana neman a kunna ta, shi kuma sai ya ɗauko wata manhajar satar lasisi ya danna. Ka ga ke nan ka biya kuɗin lasisi na gaskiya a cikin kuɗin kwamfutarka, an ajiye shi gefe, an ɗora maka na bogi, tare da duk abin da wanda ya rubuta manhajar satar ya cusa a ciki.

Abu na biyu, ka tabbatar na'urar ta cancanta. Microsoft tana da 'yar manhaja mai suna PC Health Check, ka sauke ta daga shafinsu, danna ɗaya za ta ba ka amsa. Sharuɗɗan da take dubawa su ne waɗanda aka gindaya tun fitowar Windows 11 ranar 5 ga Oktoba 2021: RAM aƙalla gigabait 4, ma'ajiya aƙalla gigabait 64, furosesa mai bit 64 da ke cikin jerin da suka amince da shi, wato kusan daga ƙarni na 8 na Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, sai Secure Boot, wato tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba shiga lokacin da na'urar take tashi, sai TPM 2.0. Wannan TPM ɗin wani ɗan sashe ne na tsaro da ke ɓoye makullan sirri. Kusan kowace kwamfuta ta 'yan shekarun nan tana da shi, sai dai wani lokaci a kashe yake zuwa. Idan manhajar ta ce babu TPM, kada gabanka ya faɗi. Ka shiga BIOS ka nemi PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce, ka kunna.

A nan zan ɗan tsaya in faɗa maka wani abu da ya kamata ka sani. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka kwamfutar da aka sayar a matsayin sabuwa da Windows 10 a kanta, ɗayan biyu ne. Ko dai ta daɗe a ajiye a kwali kafin ta zo hannunka, ko kuma irin waɗanda aka ƙera wa ofisoshi ne, masu lasisin Windows 11 Pro amma kamfanin ya ɗora musu Windows 10 Pro saboda ma'aikatun da ba su shirya sauyawa ba. Duka biyun babu laifi a cikinsu muddin ta cika sharuɗɗa. Amma idan PC Health Check ta ce furosesar ba ta cikin jeri, to rubutun kwalin bai faɗi gaskiya ba, kuma maganarka da wanda ya sayar maka ce, ba da mai gyara ba. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, na san su, amma ba zan ba ka shawarar bin su a kan abin da ka saya sabo ba. Microsoft da kanta ta ce ba ta ɗauki alƙawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba. Ka mayar musu tun takardar garanti tana da rai.

To idan ta cancanta, me ya hana tayin fitowa har kwana goma? Dalilin da na fi gani shi ne Windows ɗin da ke kanta ta tsufa. Kwamfutar sabuwa ce a hannunka, amma manhajar cikinta tun ranar da aka zuba ta a masana'anta take tsaye, wata nawa ko shekara nawa, ba ta san me duniya take ciki ba. Ka danna madannin Windows da harafin R tare, ka rubuta winver, za ta nuna maka sigar da kake kai. Sai Windows 10 ta kai siga 2004 ko sama da haka kafin a iya ɗaga ta zuwa 11. Maganin shi ne ka shiga Windows Update ka danna Check for updates, ka bari ta sauke duk abin da ta samu, ta sake tashi, ka koma ka sake dannawa. Kada ka tsaya a zagaye ɗaya. Sabuntawa kamar matakala take, wata ba ta bayyana sai an taka ta ƙasa da ita. Ina yin zagaye uku, wani lokaci huɗu, kafin ta ce babu saura. Ka kuma duba ko ka saita intanet ɗinka a matsayin Metered connection, wanda yake gaya wa Windows cewa datarka a ƙirge take. Idan yana kunne za ta riƙa kauce wa manyan fayiloli, kuma wannan fayil ɗin gigabait da yawa ne, don haka ka nemi layin da ba zai yanke maka a tsakiya ba.

Akwai dalili na daban wanda nake so ka girmama. Wani lokaci Microsoft da gangan take riƙe sabuntawa daga wasu na'urori, idan ta gano cewa wani direba ko wata manhaja da ke kansu ba sa jituwa da sabuwar sigar. Direba a nan ina nufin 'yar manhajar da take koya wa Windows yadda za ta yi magana da wani sashe na na'urar, kamar sauti ko kyamara ko Wi-Fi. Idan an gyara direban sai su saki. Wanda ya tsallake wannan shingen da ƙarfi, shi ne zai wayi gari babu sauti, ko allo yana ta komawa shuɗi. Shi ya sa nake cewa kafin komai ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗinka, ko manhajarsu ta sabuntawa da ta zo a ciki, ka saka sababbin direbobi da sabon BIOS idan akwai. Sau da yawa wannan kaɗai yake buɗe hanya. Lokacin sabunta BIOS dai caja a jone, hannu a naɗe. Mintuna kaɗan ne, amma su ne mafi haɗari a duk aikin, don idan wuta ta ɗauke mata a nan tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji a duk amsar nan. Kafin ka taɓa BIOS, kafin ka danna saukar da Windows 11, ka nemo makullin BitLocker ɗinka.

Yawancin sababbin laftof suna kulle ma'ajiyarsu da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft, ba tare da sun yi maka dogon bayani ba; wannan kullen shi ne BitLocker. Abu ne mai kyau: idan an sace ta, ɓarawo ba zai karanta fayilolinka ba ko da ya cire ma'ajiyar ya jona a wata kwamfutar. Amma kullen yana dogara da TPM, shi kuma TPM yana lura da yanayin da na'urar take tashi. Idan ya ga an canza wani abu a BIOS, zai iya ƙin sakin makullin har sai an shigar da wata lamba mai alƙaluma 48. Na taɓa zama da wata mata da ta kawo laftof da ba ta cika wata biyu ba, da rubutun kammala karatunta a ciki. Shuɗin allo ne kawai, da ɗan akwati fari yana jiran lamba. Na tambaye ta da wane imel aka buɗe kwamfutar ranar farko, ta yi shiru, sannan ta ce wani ne ya saita mata, bai gaya mata ba. Mun shafe yini muna neman mutumin a waya. Allah ya taimaka ya tuna imel ɗin, muka shiga, lambar tana nan, ta riƙa karanto min shida-shida ina bugawa, hannunta yana rawa har rukuni na takwas. Da bai tuna ba, babu mai gyaran da zai iya buɗe ta, Microsoft ma ba za ta iya ba. Don haka yau ɗin nan ka shiga asusunka na Microsoft daga wayarka, ka je sashen na'urori, ka nemo makullin, ka rubuta shi a takarda ka adana. Kada ka ajiye shi a cikin kwamfutar da zai buɗe. Idan kuma wani ne ya buɗe maka ita da nasa asusun, ka gyara wannan kafin komai.

Sauran shirin ba shi da yawa. Ka kwashe abin da ka riga ka zuba mata cikin kwana goman nan zuwa filashi ko wata ma'ajiya ta waje. Ka samu filashi na gigabait 16 ko fiye, wanda babu komai a ciki, ka rubuta Recovery Drive a wurin bincike ka bi umarnin. Zai ajiye maka hanyar komawa idan komai ya lalace. Idan laftof ɗin ta zo da manhajar rigakafin ƙwayoyin cuta ta gwaji, irin mai ƙarewa bayan wata guda, ni cire ta nake yi kafin aikin, don irin waɗannan manhajoji suna kutsawa can cikin tsarin kuma suna cikin abubuwan da ke sa sabuntawa ta koma baya. Windows tana da nata rigakafin da zai kama aiki da zarar an cire wancan. Sannan ka zare firinta, filashi, da duk abin da ke jone in ban da caja.

Idan tayin ya fito a Windows Update, ka danna Download and install. Wannan ita ce hanyar da na fi so. Idan ka yi duk abin da na faɗa, PC Health Check ta ce ta cancanta, babu saƙon da ke cewa an riƙe na'urarka, amma shiru, to ka je shafin Microsoft na saukar da Windows 11 ka ɗauki Installation Assistant. Aiki ɗaya suke yi, fayilolinka da manhajojinka da direbobin kamfani duk suna nan. Ka buga adireshin da hannunka, ka tabbatar microsoft.com ne, tun fitowar Windows 11 ake samun shafukan bogi masu kama da na gaske, suna ba mutane manhajar satar kalmar sirri da sunan sabuntawa.

Aikin kashi biyu ne. A kashi na farko tana saukewa tana shiryawa kana iya ci gaba da harkarka. A na biyu za ta nemi ta sake tashi, daga nan kuma ba taka ba ce sai ta gama. Allo zai yi baƙi ko shuɗi, da lamba tana hawa, za ta mutu ta tashi da kanta sau biyu ko uku. A kan na'ura mai SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, yawanci ba ya wuce awa guda. Abin da yake kayar da mutane shi ne lambar takan tsaya. Ta kai wani wuri ta kafe, minti goma, minti ashirin, ko motsi. Mutum ya zuba mata ido, zuciyarsa ta ce ta maƙale, ya danne madannin kashewa. Kada ka yi. Lambar nan ba agogo ba ce, ba lokaci take ƙirgawa ba; wani mataki ɗaya a ciki ya fi goma nauyi. Ni abin da nake yi, in kai bayan hannuna kusa da ramin fanka. Idan iska mai ɗumi tana fita, fankar tana tashi tana sauka, 'yan ɗigon nan na allo suna juyawa, to aiki take yi. Sai an haura awa biyu zuwa uku a wuri ɗaya, na'urar ta huce, sannan nake fara tunanin ta tsaya da gaske.

Ko ta gaza, an gina ta yadda za ta mayar da kai Windows 10 da kanta, ta ba ka wata lamba. Ka rubuta lambar, ita ce bayanin cutar. Wadda ta fara da 0xC1900101 kusan kullum direba ne, sai ka koma shafin kamfani ka kuma tabbatar babu abin da ke jone. 0x80070070 kuwa wuri ne ya yi kaɗan a ma'ajiya.

Bayan ta tashi a Windows 11, ka shiga Settings, System, Activation, ka ga lasisin ya biyo ka. Ka sake zagayen Windows Update har ta ƙoshi. Daga nan ka gwada komai da hannunka, ba da ido ba: sauti ta lasifika da ta abin kunne, makirufo, kyamara, Bluetooth, madannan ƙara haske da rage shi, kowace kafar USB, mai karanta zanen yatsa idan akwai. Ka rufe murfin ka bar ta minti biyar ka buɗe, ka ga ko ta farka. Idan ka ji tana zafi ko batir yana saurin sauka a kwana ɗaya ko biyun farko, kada ka yanke mata hukunci, tana jera fayiloli da ƙarasa wasu ayyuka ne a ɓoye.

Dalilin da ya sa nake son ka yi gwajin nan da wuri: kwana 10 kake da su. Windows tana ajiye tsohon tsarin a wata folda mai suna Windows.old, kuma cikin waɗannan kwanakin kana iya shiga System, Recovery, ka danna Go back ka koma inda ka fito. Bayan kwana 10 za ta share foldar da kanta. Foldar tana da girma, za ka ga ma'ajiyarka ta ragu, kuma za a samu mai ce maka ka goge ta ka samu wuri. Ka bar ta har ta cika kwanakinta.

Game da tayin abokinka kuwa, gogewa tana da ranarta. Idan an gwada ɗagawa sau biyu ko uku ta ƙi, ko na'urar ta zo cike da tarkacen manhajojin talla da ba sa ciruwa, ni ma gogewa nake yi. Amma a ranar, filashin ku haɗa shi da kanku da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, a kan filashi na gigabait 8 ko fiye, ba wanda ya yi shekara yana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba. Ku sauke direban Wi-Fi da na ma'ajiya daga shafin kamfani ku ajiye kafin ku fara. Laftof da yawa masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, idan aka zo wurin zaɓar inda za a saka Windows sai allon ya fito fayau kamar babu ma'ajiya a ciki, har sai an ba ta direban Intel RST. Wasu kuma sai an kai inda Windows 11 take neman intanet don ƙarasa saiti, a tarar ba ta ga Wi-Fi ba, ga shi laftof ɗin ba ta da kafar wayar intanet. Mai shiri minti biyu zai yi ya wuce waɗannan; marar shiri zai kwana da kwamfutar da ba tsohuwar Windows, ba sabuwa. Kuma idan ta tambayi nau'i, ku zaɓi wanda ka gani a Activation tun farko.

Wani abu da zai zo maka nan gaba: Windows 11 kanta tana samun babbar siga sau ɗaya a shekara, irin su 23H2 da 24H2, kuma kowace siga ta Home da Pro wata 24 ake tallafa mata. Ƙananan gyare-gyaren tsaro kuma suna fitowa Talata ta biyu a kowane wata; waɗannan kada ka jinkirta su. Babbar sigar ce idan ta zo za ka sake bin wannan tsarin: makullin BitLocker a hannu, fayiloli a waje, direbobi sababbi, caja a jone.

Yau dai ka fara da winver da shafin Activation da PC Health Check. Idan ɗaya daga cikinsu ya nuna maka abin da bai yi daidai da bayanin nan ba, ka turo min ainihin rubutun da ya fito a allon tare da samfurin laftof ɗin, mu duba tare kafin kowa ya jona mata filashi.